Babur mai ƙafa huɗu na yarona yana mutuwa tun da aka ƙara masa gudu

Salamu alaikum jama'a. Daga Katsina nake, wajen Ƙofar Ƙaura. Na saya wa yarona ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, ɗan Chana, 110cc. Ya dame ni wai ba ya gudu, sai bakanike ya sassauta sukurun totur, ya sa babbar kafireta da buɗaɗɗiyar salansa.

Tun ranar babu lafiya. Da safe yana tashi lau, amma da ya ɗau zafi, ana danna totur sai ya shaƙe ya mutu. Filogi baƙi ƙirin, ga warin fetur. Bakaniken ya dage CDI ne (ɗan akwatin da ke ba filogi wuta), ni dai ban yarda ba.

Mai ne ya yi yawa, ko ƙurar hunturun nan ce ta toshe filtar iska? Ko a mayar da tsohuwar kafireta kawai? Masana, don Allah a taimaka.