Muhawara: Ƙwayoyin asali za su iya maye gurbin dashen zuciya?

Malam: Ni dai ina kan bakata cewa ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke iya rikiɗewa su zama kowane irin nama, su ne za su raba masu gazawar zuciya da jiran dashe. Tun da masanin kimiyya ɗan Japan Shinya Yamanaka ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali, har ya samu kyautar Nobel a 2012, hanya ta buɗe. A 2020 likitocin Jami'ar Osaka ta Japan sun manna wa zuciyar majinyaci faifan tsoka da aka raina daga irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji.

Likita: Malam, ka tsallake abin da ya sa muke taka-tsantsan. A 2001 an ce ƙwayoyin ɓargo sun zama tsokar zuciya a jikin ɓeraye, amma da wasu masana suka maimaita gwajin a 2004, ba su ga hakan ba. A 2018 kuma Jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, wani masanin zuciya, saboda an samu bayanan ƙarya a cikinsu, bayan an riga an yi wa marasa lafiya allurai bisa dogaro da su.

Hajiya: Likita, laifin mutum ɗaya ai bai kamata ya rushe fannin gaba ɗaya ba. Mahaifina ya yi fama da wannan ciwo, ƙafafunsa a kumbure, ba ya iya barci sai an jingina shi da matasai uku. Mai irin wannan hali, ko ɗan sauƙi ya samu, ba ƙaramin abu ba ne.

Likita: Allah ya saka miki da ladan jinya, Hajiya. Ban ce a daina bincike ba. Matsalar ita ce zuciyar baligi ba ta sabunta fiye da kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyinta a shekara, kuma inda tsoka ta mutu tabo ne ke maye gurbinta. Yawancin ƙwayoyin da ake zubawa ta allura ba sa daɗewa suke mutuwa, waɗanda suka kama kuwa, an gani a jikin birai suna rikita bugun zuciya.

Malam: Shi ya sa na ambaci faifai, ban ambaci allura ba. A Jamus ma, a Göttingen, ana gwada irinsa a kan mutane.

Likita: Ana gwadawa, a kan mutane ƙalilan, kuma sai an haɗa musu da magungunan danne garkuwar jiki, kamar dai wanda aka yi wa dashe.

Hajiya: To, Malam, wannan sharaɗin ban san da shi ba. Wace amsa gare ka?