Me za mu kira shigar "bohème" da Hausa?

Mai shago a Kaduna: Salamu alaikum jama'ar gida. Kalma na zo nema. Ina sayar da kayan mata 'yan kanti, kuma kwanan nan hankalina ya koma kan wasu gidajen ɗinki na Faransa: Sessùn, ba&sh, Rouje, Sézane, Antik Batik, sai manyansu Isabel Marant da Chloé. Duk wanda na karanta bayaninsa sai na ci karo da kalma ɗaya, bohème, wadda Turawan Ingila suka gutsure ta koma boho, kuma sau da yawa a jera ta da romantique. Kayan kun san su ko ba ku san sunan ba: doguwar riga marar nauyi mai ƙananan furanni, hannu mai tattara, leshi a wuya, surfani a ƙirji, jakar fata mai geza, sarƙa biyu ko uku a wuya ɗaya. Ba ta kama jiki. A ƙarƙashin hoto "boho" nake rubutawa, yanzu har an fara tambayata ko buhu nake nufi. Ku taimaka.

Telan Damagaram: Hajiya, wanda ya ce buhu bai yi nisa da gaskiya ba, don akwai masu faɗin da mutum biyu za su shige. Mu nan da Faransanci yake kunnenmu mun san kalmar, amma mace in ta zo shagona hoto take nuna mini, ba ta kiran suna. Ni dai "sakakkiyar riga" nake cewa, yaran shago kuma suna ganewa.

Malamin Hausa: Maigida, sakakkiyar riga ta faɗi yanka kaɗai. Bubu sakakkiya ce, abaya sakakkiya ce, kuma babu wadda za a kira bohème a cikinsu. Ga wata matsala babba: Faransawa ba riga kaɗai suke kira da wannan suna ba, har mai rigar. To ka gwada cewa "wance sakakkiya ce" a gidan biki, ka ga abin da zai biyo baya. Saki, sake, sakewa, sakarci, duk gidansu kusa da juna yake. Ni dai na janye hannuna daga wannan dangi gaba ɗaya.

Ɗaliba a Lyon: Anti, ku ba ni dama in faɗi inda kalmar ta fito, don ina ganin shi zai hana mu ɗaukar wadda za ta ba mu kunya.

Bohemiya yanki ne a ƙasar Cek ta yau, inda birnin Prague yake. Amma ba mutanen can ake nufi ba. A ƙarni na 15 al'ummar Roma, waɗanda asalinsu arewacin Indiya ne, suka fara isowa Faransa ayari-ayari. A 1427 wata tawagarsu ta iso bakin Paris, aka sauke su a La Chapelle, ba a bar su sun shiga gari ba. Faransawa suka ɗauka daga Bohemiya suke, suka sa musu bohémiens, kamar yadda Ingilawa suka ɗauka daga Masar suke. Duka biyu zato ne. Kuma ba sunan yabo ba ne: matalauci marar gida, wanda ake zargi kafin ya yi laifi. A 1912 ma Faransa ta yi dokar da ta tilasta wa masu yawo irinsu ɗaukar wani littafin shaida mai awon jiki da zanen yatsa, ana buga masa hatimi duk garin da suka sauka, ba a soke shi ba sai 1969.

Juyin farko ya zo a ƙarni na 19. Samari masu zane da marubuta da mawaƙa da suka cika unguwar ɗalibai ta Paris, ba kuɗin haya ba na gawayi, aka fara kiransu da sunan, su kuma suka rungume shi suna alfahari. Henri Murger ya tattara labaransu a littafi a 1851, daga nan kalmar ta zama ta mai fasaha da ya zaɓi talauci da 'yanci a kan albashi da ɗa'ar masu hali. Juyi na biyu shi ne na tufafi, a shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasan Turai suka dinga zuwa Maroko da Indiya suna dawowa da kaftani da duwatsu da gyale. Yves Saint Laurent ya fara zuwa Marrakesh a 1966, kuma abin ya fito ɓaro-ɓaro a ɗinkinsa daga baya. Ita kuwa boho 'yan jaridar Landan ne suka yayata ta, wajen 2004, zamanin da ake bin 'yar fim Sienna Miller da mai tallan kaya Kate Moss da kyamara.

Kun ga kalma ɗaya ta ɗauko mutum uku: wanda aka kora, wanda ya kori kansa, da wadda ta sayi kamanninsu a kanti.

Ɗan jarida a Abuja: To ai an gama. "Shigar makiyaya" ko "adon 'yan yawo". Ma'anar ta fito, kuma namu ne.

'Yar Fulani daga Yola: A'a Yaya, kada ma a fara. Adon matan rugga ba haɗe-haɗe ba ne. Kitso, awarwaro, launin zane, kowanne yana faɗin dangi da shekaru da ko mace tana da aure. Tsari ne tsaf. In ka ɗauki sunanmu ka liƙa wa rigar Paris, abin da Faransawa suka yi wa Roma ka maimaita, kuma ƙanwarmu ta Lyon yanzu ta gama ba da labarinsa. "'Yan yawo" kuwa, kai ma ka san irin yawon da Bahaushe yake nufi in mace ake magana.

Ɗan jarida a Abuja: Na ji, ranki ya daɗe. To "adon ko-in-kula" fa? Ai abin da suke nunawa ke nan, kamar ba su damu ba.

Ɗaliba a Lyon: Kamar. Kalmar da ka sa a tsakiya ita ce duka zancen. Macen da ke cikin tallar Isabel Marant gashinta a hargitse yake, rigar a zube a kafaɗa, amma an ɓata lokaci kafin a samu wannan hargitsin. Marant ta kafa gidanta a 1994, kuma abin da ta shahara da shi ke nan: kaya masu tsada da aka yi su don a ce mai su ba ta duba madubi ba. Ko-in-kula a Hausa laifi ne, shi ake zargin hukuma da shi in ta bar gada ta rushe. Rigar da aka zauna aka yi wa surfani da hannu ba a yi mata ko-in-kula ba. Ba ma a kuɗin ba: na Sézane da Rouje galibi tsakanin Yuro 100 da 300 suke, doguwar rigar Chloé kuwa haura 1,000 ba komai ba ne a wurinta. Shi ya sa a nan ake tsokanar masu sa su da bobo, wato mai hali da ke kwaikwayon marar hali.

Telan Damagaram: Tunda an taɓo aikin hannu, bari in sa baki, don nan ne wurina. In ka cire surfani da rini da saƙa daga waɗannan kaya, ba abin da ya rage sai yadi. Kuma yawancin aikin ba daga Paris ya samo asali ba. Mai Antik Batik, Gabriella Cortese, 'yar Turin ce ta Italiya, ta buɗe gidan a 1992, sunan ma daga rinin kakin Indonesiya ta ɗauko shi, masu yi mata aiki da yawa suna Indiya. Emma François ta kafa Sessùn, da ke Marseille, a 1996, kuma daga tafiye-tafiyenta a Latin Amurka ta fara, da kayan saƙa. Waɗannan sun faɗi inda suka ɗebo. Ita Marant kuwa sau biyu ana kai ruwa rana da ita a Meksiko: a 2015 matan Mixe na garin Santa María Tlahuitoltepec suka ga surfanin rigarsu ta gado a cikin kayanta, a 2020 kuma ministar al'adun ƙasar ta rubuta mata wasiƙa kan zanen mutanen Purépecha, ta fito ta ba da haƙuri. Abin da nake tsoro da ajiye "boho" yadda take shi ne, kalma ce mai haɗiye sunan mai aiki. Gobe a ga aska takwas ko rinin Kofar Mata a jikin wata riga a Paris, a ce boho ne, shi ke nan an wuce wurin.

Malamin Hausa: Wannan hujja ta fi ta buhu ƙarfi. Ke nan muna neman kalmar da za ta faɗi yanayin shigar, ba ta ci sunan wata al'umma ba, ba ta zagi mai sawa ba, kuma ta bar wa surfani da rini sunayensu. Na yi tunanin "shigar masu fasaha", wadda ta dace da zamanin Murger, amma babu macen da za ta ji ta ta ga riga a idonta.

Tsohuwar mai shirin mata a rediyo: 'Ya'yana, kun yi ta zagaye kalmar tana gabanku. Walwala.

Ku koma ga wadda ta fara abin a matsayin sana'a. Gaby Aghion a Iskandariya ta Masar aka haife ta, ta koma Paris, ta tarar matan masu hali a ɗaure cikin ɗinkin manyan gidaje: ƙugu a matse, kafaɗa a ƙage, sai an je gwaji sau da yawa kafin a karɓi riga. A 1952 ta kafa Chloé da 'yan riguna na auduga masu taushi da za ka saya ka sa nan take. Baje kolinta na farko a 1956 ba a babban zaure ta yi shi ba, a gidan shan gahawa na Café de Flore ne, mutane suna karin kumallo. Me take sayarwa? Jiki ya wala. Mace ta zauna, ta tashi, ta ɗaga hannu, ta hau mota, ba tare da rigar ta zama mai gadinta ba. Daga rigunan silikin da Karl Lagerfeld ya yi wa gidan a shekarun 1970 har zuwa Chemena Kamali, mai zana wa gidan kaya, wadda baje kolinta na farko a Fabrairun 2024 ya dawo da yayin, zancen bai canza ba.

Mu kuma walwala a wurinmu ba ta jiki kaɗai ba ce. Muna cewa yarinya ba ta da walwala a gidan nan, muna cewa 'yanci da walwala, muna cewa fuskarta ta yi walwala. Sakin jiki, sakin fuska, rashin takura, duk tana ɗauke da su, kuma ba ta da ƙurar da "sake" take da ita. Ku gwada ta a baki: shigar walwala, ɗinkin walwala, rigar walwala, adon walwala.

Ɗan jarida a Abuja: Mama, tana da daɗi, amma gwamnati ta riga mu. Walwalar ma'aikata, walwalar alhazai. Wani zai ga "rigar walwala" ya zaci wadda hukumar alhazai ta raba ce. Ga kuma walwali, na ƙyalli. Masu son leshi mai duwatsu za su ɗauka nasu ake kira.

Tsohuwar mai shirin mata a rediyo: Gwamnati aro ta yi. Kafin nan kalmar ta mutane ce. Walwali kuwa harafi ɗaya ya raba su, kamar yadda ya raba kara da kare, kuma ban taɓa jin wanda ya rikice ba.

Malamin Hausa: Ina bayan Hajiyar rediyo. Sai dai a raba gida biyu. In tufafi ake magana, walwala. In tarihi ake rubutawa, na matasan Paris na ƙarni na 19, a ce "'yan bohem" da rubutun Hausa, a yi bayani sau ɗaya, don su ba walwala suka yi ba, yunwa suka sha. Mutanen farko kuma a kira su da sunan da suke kiran kansu, Roma. Abu ɗaya da ban yarda ba shi ne "'yar walwala" ga mai sawa. "'Yar kaza" a Hausa takan karkata inda ba a so. A ce "mai shigar walwala", ko da ta fi tsawo.

Mai shago a Kaduna: Allah ya saka da alheri, na karɓa. Saura romantique. Kada wani ya ce mini "rigar soyayya", don akwai masu sayar da kayan barci da suka riƙe wannan tuntuni.

Ɗaliba a Lyon: Ba soyayya ba ce dama. A bakin masu ɗinki tana nufin abin da ya yi laushi a ido: farin leshi, tattara hawa-hawa, fure ƙanana, launi marar ihu kamar ruwan madara da ruwan hoda, da ɗan ƙamshin zamanin kakanni. Rouje, wadda Jeanne Damas ta buɗe a 2016, nan ta fi karkata, da rigunanta masu naɗewa a ƙugu. Sézane ta Morgane Sézalory, da ta fara a intanet a 2013, ita ma haka, musamman rigunan sama masu leshi. Antik Batik da Sessùn sun fi nauyi a ɓangaren walwala. Ita ba&sh, wadda ƙawaye biyu Barbara Boccara da Sharon Krief suka haɗa farkon sunayensu suka kafa a 2003, tana tsakiya. Ni "lallausa" zan ce. In an haɗa biyun, lallausar shigar walwala.

'Yar Fulani daga Yola: Lallausa ta yi wa yadi, ban tabbata ta yi wa yanayi ba. Leshin wuyan ma wani a tsaye yake ƙyam. Ni "mai sanyi" ta fi kwanta mini, kamar yadda ake cewa launi mai sanyi.

Telan Damagaram: In kin rubuta "riga mai sanyi" a watan Afrilu a Damagaram, za ta ƙare kafin azahar, amma ba don abin da kike nufi ba. A bar lallausa tukuna har a samu wadda ta fi ta. Hajiya ta Kaduna, in za ki sa walwala a ƙarƙashin hoto, ki riƙa ƙara sunan aikin da ke jikin rigar da inda aka yi shi: ɗinkin walwala, surfanin Indiya, ɗinkin walwala, rinin Kano. Masu kawo mini yadi kuma su sani, mai tattara hawa uku ba ta fita a ƙasa da yadi biyar.