Muhawara: wai sai da zinare ake samun natsuwa?

Baffa Injiniya: Jama'a na ga hoton da Auta ya turo, ƙaton ginin nan mai siffar ƙwallon zinare da ke garin Auroville a Indiya, Matrimandir. Magana ɗaya zan yi, almubazzaranci ne aka sa masa rigar ibada. An aza harsashi 1971 ba a gama ba sai 2008, shekara 37 ana narka kuɗi wai don mutum ya shiga ya zauna ya yi shiru. Shirun ma sai an saya? Buddha da suke ji da shi ai gindin bishiya ya zauna a Bodh Gaya, ba kafet ba na'urar sanyi.

Anti Mai Zane: Baffa ka haɗa biyu. Mutanen Auroville ba mabiya Buddha ba ne, koyarwar Sri Aurobindo, wani malamin falsafa ɗan Indiya, suke bi, kuma wadda ta kafa garin a 1968 Bafaranshiya ce, Mirra Alfassa, wadda suke kira Uwa. Shi ma mai zanen, Roger Anger, Bafaranshe ne. Sannan ba zinare zalla ba ne, faya-fayan ƙarfe ne sama da 1,400, an matse ɗan siririn zinare tsakanin gilashi an manna a kai.

Baffa Injiniya: To ɗiyata kin ƙara min hujja ma. Turawa sun zo sun gina wa Indiyawa wurin shiru kenan.

Ɗalibin Chennai: Baffa da girmanka, ni na shiga ɗakin shirun da ke cikin ginin, bari in faɗi abin da idona ya gani. Ba a karɓar ko sisi amma sai ka yi rajista tun kafin ranar, a karɓe waya da jaka, ka cire takalmi su ba ka farar safa ka ɗora, sai ku bi wata hanya mai murɗewa tana hawa sama a hankali ba mai cewa uffan, kafin ka iso ma numfashinka ya sauka da kansa. Ɗakin fari fat, bango farin mabul, ƙasa farin kafet, ba hoto ba fure ba turare. A tsakiya ƙwallon gilashi ce faɗinta santimita 70, a Jamus aka yi ta, akwai madubi a saman ginin yana bin rana yana harbo haske siriri ta wata kafa ya sauka daidai kanta. Wallahi Baffa har haɗiyar yawuna nake ji, wanda tari ya kama ma fita yake yi. Wajen minti 15 kawai ake barin baƙo amma ka ce awa ka yi.

Malam na Zaure: Kai yaro tsaya tukun, me ya kai ka wurin bautar wasu?

Ɗalibin Chennai: Allah gafarta Malam ba gunki a ciki kuma ba wanda ke jan wata addu'a, ita matar da kanta ta ce ba ta son a mai da wurin addini. Ni kallon gini ya kai ni, tasbihina na yi a zuci na fito.

Malam na Zaure: To Allah ya tsare, amma a dinga tambaya kafin a shiga. Kan batun kuma ina bayan Injiniya. Masu shiga halwa a wurinmu ɗan ɗaki ne da buzu da buta. Annabi (SAW) kogon Hira yake hawa, wa ya gina shi? In zuciya na kasuwa ko ina ka kai ta ciniki za ta ci gaba da yi.

Anti Mai Zane: Malam ai kogon ma zaɓarsa aka yi, me ya sa ba tsakiyar Makka ba? Don can ba hayaniya. Mai gini ba ya taɓa zuciyar kowa, abin da ke hannunsa ƙara ce da haske da zafi, ya rage su har mutum ya ji kansa. Kuma Indiyawa sun daɗe a wannan sana'a tun kafin wani Bature. Ku duba Ajanta, koguna wajen 30 da aka sassaƙe a jikin dutse a kwarin kogin Waghora, an fara tun ƙarni na 2 kafin Miladiyya, akwai ƴan ɗakunan sufaye mabiya Buddha ƙanana da gadon dutse, kaurin dutsen ya tare zafi ya tare ƙara. Kuma sufayen ba su da ko anini, masu mulki da attajirai ne suka biya masassaƙa. Kenan Baffa kuɗi na shiga harkar shiru tun da can.

Baffa Injiniya: Na ji. To amsa min wannan, wanda ke zaune a cikin farin ɗakin yana ganin zinaren?

Anti Mai Zane: A'a.

Baffa Injiniya: Shi ke nan! Zinaren na masu ɗaukar hoto ne.

Anti Mai Zane: Wannan kam ban musa ba, ni ma da ni ce da ban sa ba. Ɗakin nake karewa, ba kwalliyar waje ba.

Auta: Ni fa tawa matsalar daban, da zarar gini ya yi kyau sai jama'a su cika shi shirun ya gudu. Dubi wurin ibadar nan na Delhi mai siffar furen bado da aka buɗe 1986, miliyoyi ke zuwa duk shekara, layi kamar na gidan mai, ma'aikata na ta yi wa mutane alamar a yi shiru

Ɗalibin Chennai: Auta wannan na Baha'i ne, addinin daga Iran ya fito, mai zanen ma Fariborz Sahba ɗan Iran ne, furen ne kawai na Indiya. Amma ka yi gaskiya, shi ya sa na Auroville suke ƙayyade masu shiga.

Baffa Injiniya: Su ƙayyade mana. Garin da aka tsara wa mutum 50,000 har yau ƴan dubu uku da ɗoriya ne. Kuma a ƙarshen 2021 ba su ne suka kaure da rigima ba, aka kawo katafila tana ture bishiyoyi don a fitar da titi, wasu mazauna na tarewa? Suna da ɗakin shiru a tsakiyar gari fa.

Malam na Zaure: Injiniya nan ka wuce gona da iri. Mu ma da masallatai a kowane lungu ai muna faɗa.

Anti Mai Zane: Baffa in mai sauƙi kake so akwai. Gidan tarihin Gandhi da ke Sabarmati a Ahmedabad, Charles Correa ya zana, aka buɗe 1963. Jan bulo ne da rufin tayil na ƙasa, tagogin katako ba gilashi, iska na ratsawa, ga ɗan tafkin ruwa a tsakiya, rufin a ƙasa-ƙasa yadda ba zai sa ka ji kai ba kowa ba ne. Mutum na shiga muryarsa ke sauka ba tare da an ce masa komai ba.

Baffa Injiniya: Yauwa, wannan gini ne. Turo min hotonsa.

Anti Mai Zane: Ka yarda kenan gini na sa mutum ya natsu.

Baffa Injiniya: Na yarda bulo na iya yi. Kai na Chennai, ɗakin naku ba ginshiƙi ne?

Ɗalibin Chennai: Akwai guda 12 farare sun zagaye ƙwallon, sai dai ba su ɗauke da rufin, a tsaye kawai suke.

Baffa Injiniya: Ginshiƙi 12 ba ɗaya da ke ɗaukar kaya?? Shekara nawa ina aikin nan, da yarona ne ya kawo min wannan zanen da ranar zai koma gida