Abin da aka ce mu riƙe game da 'yan siyasar Yamma da ta'addanci

Hirar ta taso ne bayan la'asar, da wani malamin tarihi ya ajiye kofin shayinsa ya ce kada mu riƙa ɗaukar jawabin ɗan siyasar Yamma tamkar hukuncin ƙarshe. Shawararsa ta farko ita ce a dubi abin da suke yi a ɓoye. A 1993 Firaministan Birtaniya John Major ya ce tunanin tattaunawa da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin mai alaƙa da ƙungiyar IRA, ma yana tayar masa da zuciya, alhali gwamnatinsa na aika saƙo ta bayan gida ga IRA ɗin, wadda ke yaƙar mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa da makamai. A 1998 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfast a Ireland ta Arewa. Haka Amurka, bayan ta shafe shekaru tana yaƙar Taliban, ta zauna da su a Doha a 2020.

Wata 'yar jarida ta ƙara da cewa a raba bayani da uzuri. Fahimtar abin da ya fusata mutum ba wanke shi ba ne. Ta tuna cewa tsohuwar shugabar hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya (MI5), Eliza Manningham-Buller, ta shaida a 2010 cewa mamayar Iraƙi ta ƙara barazanar ta'addanci a Birtaniya. Ni dai nan na fi gamsuwa.

An kuma ce a yi hattara da kalmar "ɗan ta'adda" kanta: sunan Mandela bai fita daga jerin 'yan ta'adda na Amurka ba sai 2008. Wani dattijo bai yarda cewa kowace ƙungiya ake iya zama da ita ba, ya ce ai akwai ƙungiyoyin da ba sulhu suke nema ba, ya kawo misalin Da'ish (ISIS).