Yaya ciwon sukari yake lalata ido tun daga cikin ƙwayoyin halitta?

Mai tambaya daga Tawa: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta shekara 11 da ciwon sukari. Da likita ya ɗiga mata magani a ido ya haska, ya ce jijiyoyin bayan idon sun fara yoyo, ya kuma ambaci mitokondiriya. Don Allah mene ne alaƙarsu da sukari?

Malamin kimiyya, Yamai: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Mitokondiriya su ne murhun da kowace ƙwayar halitta ke ƙona sukari da iskar oksijin don samun ƙarfi, kuma tantanin bayan ido, wato retina, yana cikin sassan jiki mafi cin oksijin. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, murhun yakan cika ya riƙa fitar da gurɓatattun sinadaran oksijin, waɗanda ke lalata kayan gadon halitta (DNA) da ke cikin mitokondiriyar kanta, har ƙwayoyin da ke riƙe da bangon ƙananan jijiyoyin jini su mutu. Daga nan yoyon yake farawa.

Ma'aikaciyar jinya: Malam ya yi bayani, sai dai ɓarnar ba ta tsayawa nan take ko an saukar da sukari. Wani babban bincike kan masu ciwon sukari da ake kira DCCT, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, da bibiyar da aka yi wa mahalartansa, ya nuna cewa amfanin kula da sukari da wuri yana bin ido shekaru. Ɗan'uwa, a riƙa auna hawan jininta ma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Za mu koma wurin likitan ranar Litinin.