Karen da aka tsinta a titi, mai yawan tsalle da son mutane: in kawo shi gidana?

Baban Nana, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin kare, ta fuskar addini da ta fuskar lafiya. Gidana yana bakin gari, bayansa fili ne har zuwa gonaki, kuma a cikin daminar da ta wuce sau biyu ana haura mini katanga da dare, aka kwance awaki uku daga turke. Wani abokina ya kai ni wurin wani malamin dabbobi da ya yi ritaya, wanda yake tattara karnukan da aka yasar ko mota ta buge, ya yi musu magani a bayan gidansa, sannan ya bayar da su ga wanda ya amince zai riƙe su da kyau.

A cikin karnuka bakwai da na gani, ɗaya ya tsaya mini a rai. Ja ne mai farin ƙirji, bai fi shekara ɗaya ba, kunnensa na hagu a tsage, wai yara ne suka ɗaure shi da waya a bakin kasuwa kafin a ceto shi wata huɗu da suka wuce. Ina shiga ya taho a guje, ya zagaya ni sau uku yana kaɗa jela, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan rigata, da na durƙusa kuma sai ya kwanta ya kifa haɓarsa a kan takalmina. Ban taɓa zaton dabbar da mutane suka wulaƙanta haka za ta ci gaba da son mutane ba, kuma tun ranar nake tunaninsa.

Matsalata uku ce. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, ta ce kare najasa ne, ba zai shiga gidan da take sallah ba. Maiɗakina tana tsoron cizo saboda yaranmu, babbar shekararta 9, ƙaramin 3. Ni kuma ina tambayar kaina ko kare mai son kowa irin wannan zai iya gadi, ko kuwa ɓarawo ma rawar jela zai yi masa.

Almajirin Zaure, Marwa

Wa alaikumus salam. Malam Baban Nana, zan taɓa ɓangaren addini gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamanmu, sauran kuma na bar wa masu shi.

Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kowace rana, a wata ruwayar kiraɗi ɗaya (wani ma'auni ne na lada), a wata biyu. Kai kana da awaki a turke kuma an riga an yi maka sata, saboda haka buƙatarka a fili take, kuma malamai da yawa, ciki har da Imam Nawawi, sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin dabbobi da gona idan akwai buƙata. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rubuta cewa ba a riƙon kare a gidajen birni, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron masu cutarwa.

Batun najasa kuwa, a nan ne nake ganin za ka iya kwantar wa Hajiya hankali cikin ladabi. A mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan yanki, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya su ne suka ɗauke shi najasa mai kauri, suka ce a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Duk da haka Hajiya tana da hujja a hannunta, domin hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ingantacce ne. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka yi masa wurinsa can bayan gida kusa da awaki, kada ya saba da ɗakuna, kada ya kusanci randa, buta ko dardumar sallah, kuma ya kasance yana da kaskonsa na ci da na sha wanda ba a haɗa shi da na kowa. Ka kai wa Hajiya maganar a matsayin neman izini, ba sanarwa ba, in da hali ka tafi da malamin da take jin maganarsa.

Tausayin da ka ji ma ba abin kunya ba ne. Mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sai dai ka lura an hana cin kuɗin kare, don haka idan za ka ba malamin dabbobin nan wani abu, ka ba shi da niyyar mayar masa da abin da ya kashe na magani da abinci.

Tsohon Ma'aikacin Dabbobi, Garwa

Ƙanena, na yi shekaru ina yi wa dabbobi allura a ƙauyukan bakin Binuwai, kuma tsoron da maiɗakinka take ji shi ne ya kamata a fara dubawa, domin ciwon haukan kare ba shi da magani da zarar alamunsa sun bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yaran shi ne su ne suke wasa da karnuka, cizon yakan same su a fuska ko hannu, sannan sukan ɓoye ƙaramin yagu don tsoron faɗa.

Kafin ka ɗauki karen nan, ka nemi katin allurarsa ka gani da idonka, da kwanan wata da hatimin wanda ya yi. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana wata uku, a nan kuma muna maimaita ta kowace shekara. Ka sani cewa allura ba ta warkar da karen da ya riga ya kamu, kuma ciwon yakan kwanta a jiki daga 'yan makonni zuwa wata uku kafin ya fito, wani lokaci ya fi haka. Wata huɗun da ya yi a tsare cikin ƙoshin lafiya alama ce mai kyau, amma ka tambaya ko wani baƙon kare ya cije shi a cikin wannan lokaci. Idan babu kati, ka kai shi ofishin ma'aikatar kiwo da ke kusa da kai a yi masa kafin ya taka gidanka, a haɗa da allurar da ke kare shi daga zawon jini mai kashe ƙananan karnuka, da maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma.

Abu na biyu, kowa a gidan ya haddace shi har da Nana: idan kare ya ciji mutum ko ya yage shi, ko ya lashi inda akwai rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar, ba washegari ba. Mu a Garwa muna da sa'ar reshen Centre Pasteur, inda ake yin allurar bayan cizo. Kada a cusa gashin kare ko barkono ko toka a raunin kamar yadda na sha gani, kuma kada a kashe karen da ya yi cizon idan ana iya tsare shi, domin lura da shi na aƙalla kwana 10 yana nuna ko yana ɗauke da ciwon lokacin da ya yi cizo. Ana fara allurar mutum ba tare da jiran sakamakon ba.

Game da abinci, sauran tuwo da ɗan nama ko kifi dafaffe sun ishe shi, amma banda albasa da tafarnuwa masu yawa, banda goro da cakulan, banda dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji. Kada kuma a ba shi maganin ciwon kai na mutane.

Maman Yusuf, Injamena

Sannu Baban Nana. Ni mace ce mai yara, kuma shekara shida ke nan muna da karya da mijina ya tsinto a bakin kogin Shari, don haka bari in yi magana da maiɗakinka ta bakinka.

Abin da Baba ya faɗa a kan allura mun gan shi da idonmu a nan. A 2012 da 2013 an bi unguwannin Injamena ana yi wa karnuka allura kyauta har aka wuce kashi 70 cikin 100, kuma ciwon ya ɗauke na tsawon watanni kafin karnukan da ke shigowa daga wajen gari su dawo da shi. Mu kuma muna da wata damuwar da ku ma ku sani, musamman mutanen gefen kogin Logon: tun daga 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka a Cadi, ana kuma danganta shi da ɗanyen kifi da kayan cikinsa da ake zubar musu. Kai da kake kusa da Binuwai, kada ka bari a ba shi ɗanyen kayan cikin kifi, a binne su.

Amma abin da ya fi ba ni wahala ba ciwo ba ne, ƙarfin jikinta ne. Watanmu na farko ta yaga tabarma biyu, ta tone gindin bishiyar lemo, ta ture Yusuf yana tatata ya fasa leɓe, ba da mugunta ba, murna ce kawai ta yi mata yawa. Na kusa cewa a mayar da ita. Abin da ya gyara ta shi ne mijina ya fara fita da ita bayan sallar asuba, tafiyar kusan rabin awa da igiya, da yamma kuma yara su jefa mata tsohuwar ƙwallo har ta gaji. Tsallen da take yi wa mutane kuwa, duk gidan muka haɗa baki: idan ta ɗago ƙafa sai a juya mata baya, babu magana babu kallo, idan ta zauna sai a shafa ta a ba ta ɗan abin taɓawa. Cikin mako uku ta gane. Duka bai taɓa yi mana amfani ba, sai ma ya sa ta fitsari don tsoro, kuma karen da aka taɓa ɗaurewa da waya ba ya buƙatar a sake nuna masa sanda.

Ɗan shekara 3 ɗin nan naku, kada a bar shi da karen su biyu ko na minti ɗaya, komai kirkin karen. A koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su ja masa jela, musamman kada su taɓa kunnen nan da ya tsage.

Ɗan Kasuwar Shanu, Ngaundere

Ni ra'ayina ya bambanta. Idan gadi ake nema, kare mai lasar hannun baƙo ba shi ne ba. Mu abin da muka sani, ana ɗaure kare da sarƙa da rana a inda ba ya ganin mutane, a sake shi da dare, shi ne yake yin zafi. Malam ya nemi wani a cikin bakwai ɗin wanda ya yi masa gurnani.

Tsohon Ma'aikacin Dabbobi, Garwa

Alhaji, da girmamawa, wannan hanyar ita ce ta fi kawo mana yara da cizo. Karen da ya yini a sarƙa ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo, kuma a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi yake wuce digiri 40, na ga karen da ya mutu a ɗaure saboda inuwa ta gushe daga inda yake kuma kaskon ruwansa ya kife. Aikin karen gida shi ne haushi, ya tashi mai gida da maƙwabta, ba ya yaga mutum ba. Ɓarawon akuya shiru yake nema. Yawancin karnuka, da zarar sun yi 'yan makonni sun san nan ne gidansu, sukan yi haushi idan sun ji motsi a katanga da dare ko da kuwa da rana masu fara'a ne. Idan dole a tsare shi, a yi masa shinge da rumfa, kuma a yi tunanin yi masa fiɗiya don ya rage yawon bin karya, wanda a can ne yake haɗuwa da karnukan da ba su da allura.

Baban Nana, Garwa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma wurin malamin dabbobin ranar Talata, na ga katin, an yi masa allurar haukan kare mako biyu bayan an tsinto shi, saura maganin tsutsa da za a maimaita. Na kuma roƙe shi ya sake shi a cikin awakinsa in gani, sai ya bi wata 'yar akuya da gudu har ta faɗa cikin kwatami, wanda ya nuna mini cewa ba zan haɗa su wuri ɗaya ba tukuna. Na sa an kafa shinge na zana da ƙarfe tsakanin turken da gindin dalbejiya, inda inuwa ba ta gushewa har la'asar.

Hajiya ta saurari limamin unguwarmu, ba ta ce ta yarda ba, amma ta ce muddin bai ƙetare ƙofar baya ba ita ba ruwanta. Maiɗakina ta gindaya sharaɗin a sa wa ƙofar sakata sama da inda hannun ƙaramin yake kaiwa, an kuma sa. Mun yi da mai karen zan ɗauke shi ranar Asabar na gwajin mako biyu. Maman Yusuf, don Allah a daren farko da kuka kawo taku, ta yi kuka? Ɗakin Hajiya ne ya fi kusa da bayan gida, kuma ina so in san abin da zan yi idan ya hana ta barci.