Makashiyar da Muka Ji Kirarinta, Ba Mu Ga Aikinta Ba

Malamar sakandare:
Assalamu alaikum. Na gama karanta Throne of Glass na marubuciyar Amurka Sarah J. Maas, wanda ya fito a 2012, kuma ra'ayina shi ne littafin ya ɗauki alkawarin da bai cika ba. Ga wanda bai karanta ba, labari ne na Celaena Sardothien, 'yar shekara 18, wadda aka ce babu mai kisan haya da ya kai ta a daular Adarlan. Bayan ta shekara guda tana bauta a mahaƙar gishiri ta Endovier, sai yarima mai jiran gado, Dorian, ya fito da ita domin ta kara da mutum 23, ɓarayi da makasa da mayaƙa, a bisa sharaɗin idan ta ci gasar za ta yi wa sarki aiki na shekara 4 sannan a 'yanta ta. Duk wanda ya ji wannan zai gyara zama. Amma tana shiga fadar gilashi sai labarin ya karkata ga riguna da ɗakin karatu da rabuwar zuciya tsakanin yarima da shugaban dogarai, Chaol, har wasu daga cikin jarrabawowin gasar aka wuce su a layi kaɗan. Littafin ya ƙare ba mu ga ta kashe ɗan Adam ko ɗaya ba, sai dai labarin abin da ta aikata a baya. Kirari muka sha, aiki kuwa ba mu gani ba.

Ɗalibar jami'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Da girmamawa, ina ganin an yi wa littafin rashin adalci. An shigar da ita gasar ne da sunan aro, Lillian Gordaina, a matsayin ɓarauniyar kayan ado, kuma Chaol ya umarce ta da kada ta yi fice, ta tsaya a tsakiya, domin kada abokan karawa su gane ta su haɗa mata kai. Ɓoye gwanintar yana cikin tsarin labarin. Duk da haka mun ga hannunta a jarrabawar hawan katangar fada, lokacin da ta bar neman nasara ta yi tsalle ta ceci Nox, wani ɓarawo ɗan gasa da aka yanke wa igiya. Batun riguna kuwa, yarinyar da ta shekara cikin yunwa da bulala, laifi ne don ta ga tufafi masu kyau da abinci ta yi murna?

Mai sayar da littattafai:
Ina tare da ƙanwata a wani ɓangare. Matasa aka rubuta wa littafin, kuma marubuciyar kanta tana da shekara 16 ta fara rubuta shi, tana sakawa a shafin FictionPress, daga tunanin yadda labarin Cinderella zai kasance idan da kisa ne ya kai ta gidan rawa. Wanda ya san wannan asali ba zai yi mamakin rawa da riguna ba. Ni dai a matsayina na uba, ban ga abin baƙin ciki ba idan littafin da 'yata za ta ɗauka bai cika da zubar da jini ba.

Malamar sakandare:
Alhaji, ba jini nake nema ba, kuma ina so a fahimce ni a nan, domin nan ne zuciyar maganar. Sana'a tana bayyana a ɗabi'ar mai ita tun kafin ya taɓa kayan aiki. An ce mana tun tana shekara 8 Arobynn Hamel, sarkin makasa, ya tsince ta ya hore ta. Wadda ta tashi a irin wannan gida, barcinta ma rabi ne. To amma a cikin littafin mutane suna shigowa ɗakinta tana barci ba ta farka ba. Sannan a daidai lokacin da ake tsintar gawarwakin 'yan gasa a lungunan fada, ta wayi gari ranar biki ta tarar da jakar alewa ba ta san wanda ya aiko ba, ta zauna ta ci son ranta, alhali a littafin nan guda akwai jarrabawa sukutum ta gane guba. Ƙanwata ta ce an umarce ta ta ɓoye gwaninta. Na yarda, amma wannan ɓoyewa ga abokan gasa ce. Mai karatu yana cikin tunaninta, don haka ya kamata ya ga tana ƙirga ƙofofi, tana sansana abinci, tana zargin kowa, ba a babi na farko kaɗai ba. Ko a tatsuniyoyinmu ba a tsayawa a ce Gizo mai wayo ne. Sai an nuna yadda ya yi wa Kura dabara, sannan yara su yarda.

Malamin shari'a:
Abin da ya fi damuna ya wuce batun ƙwarewa. Ku dubi ƙarshen gasar. An zuba mata guba kafin karon ƙarshe da abokin gasarta Cain, ruhin tsohuwar sarauniya Elena ya kawo mata ɗauki, ta yi galaba, sannan da Cain ya zaro wuƙa daga baya, Chaol ne ya kashe shi. Abin da ta kashe da hannunta dodo ne, ba mutum ba. Wato marubuciyar ta shirya komai yadda mai karatu zai ji daɗin sunan makashiya ba tare da an tilasta masa ya yi mata hukunci ba. Alhaji yana ganin wannan kariya ce ga matasa. Ni ina ganin akasin haka ne. Idan aka ƙawata kisan haya a matsayin laƙabi mai ban sha'awa, aka ɓoye gawar da iyalan mamacin, an koya wa matashi cewa ɗaukar rai ado ne. Littafin da ya nuna kisa guda ɗaya tare da nauyinsa a wuyan wanda ya yi, ya fi wannan tarbiyya.

Ɗalibar jami'a:
Malam, wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai littafin na farko ne a jerin da bai ƙare ba sai 2018 da Kingdom of Ash. A na biyu, Crown of Midnight na 2013, an fuskanci tambayar nan kai tsaye, domin sarki yana aikenta kisa, ita kuma tana tserar da mutanen tana kawo shaidar ƙarya, ta san idan asiri ya tonu kanta ne zai tafi. Rayuwarta ta kisa kuwa tana cikin gajerun labaran da aka tattara a The Assassin's Blade a 2014.

Malamar sakandare:
Ƙanwata, ki lura da abin da kika kawo. A littafi na biyun ma hanyar da aka samo ita ce ta ƙi kashe waɗanda aka aike ta gare su, abin da ke ƙarfafa maganar Malam. Kuma wanda ya sayi littafin farko, kuɗin littafin farko ya biya. Bai kamata a ce sai ya nemi wani kafin ya gaskata abin da aka rubuta a bangon wannan ba.

Mai sayar da littattafai:
Kan alewar nan ba ni da amsa, Malama. Amma a kan maganar Malam har yanzu ban gamsu ba, domin matasan da ke zuwa wurina suna tambayar littafin, abin da suke ambata shi ne abotar Celaena da gimbiya Nehemia, da yadda yarinyar da aka bautar ta miƙe tsaye a gaban sarki. Ban taɓa jin wadda ta ce kisan ne ya burge ta ba. Ina roƙon Malam ya gaya mana yadda za a nuna nauyin kisa ga 'yar shekara 14 ba tare da an nuna mata kisan ba.